FARIN SAWUN JIRAGEN SAMA: Abin da Ke Kawo Shi da Abin da Ke Juya Shi

Bayani domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai, da malaman da ke riƙe da littattafan gunduma, saboda wata tambaya da talakawa su kan kawo ƙofar manya. Sau da yawa mutum yana gona, ko yana kiwo, sai ya ɗaga kai ya hangi jirgi can ƙololuwar sama, ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa, yana jan wani farin layi a bayansa. Wata rana layin ya ɓace nan da nan. Wata rana kuwa ya daɗe, ya yi faɗi, har ya zama gajimare. Wani lokaci a ga uku ko huɗu jere kamar kunyoyin gona, wani lokaci a ga sun gitta juna kamar zaren saƙa.

Inda bayani bai je ba, jita-jita ce ke zuwa. Akwai masu cewa guba ce a ke zubo wa mutane. Akwai masu cewa da shi a ke korar ruwan sama. Yanzu da wayar hannu ta shiga kowace ƙauye, irin wannan magana tana iya zagaye gunduma kafin rana ta faɗi. In aka bar ta, tana iya sa manomi ya yi sanyin gwiwa da shuka, ko ya ƙi malamin gona da malamin asibiti sa'ad da suka zo da alheri. Hakimi shi ne uban ƙasa, a gare shi a ke neman amsa. Ga amsar nan daki-daki.

1. MENE NE FARIN SAWUN?

Farin layin nan ba hayaƙi ba ne. Ƙanƙara ce, ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba su kai kaurin gashi ba. Watau gajimare ne sosai, sai dai jirgi ne ya yi sanadinsa.

Abu uku ne ke haɗuwa su haife shi. Na fari ruwa. Man da jirage masu injin jet ke sha wani irin kananzir ne da aka tace. Duk kilo 1 na wannan mai da ya ƙone ya kan fid da wajen kilo 1 da kwata na ruwa, a kamannin tururi. Ruwan ya fi man nauyi domin wani sashe na man ne ke gamuwa da wani sashe na iskar da injin ya zuƙa, su zama ruwa.

Na biyu sanyi. Kowa ya san Jos ta fi Kano sanyi, gama tana kan tudu. Haka abin ya ke tafiya har sama: a ƙiyasi, duk kilomita 1 da aka hau, zafi ya kan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Manyan jirage su kan yi tafiya tsakanin ƙafa 30,000 da ƙafa 41,000, watau kilomita 9 zuwa 12 da ɗoriya. A can, ko da bazara ce ana narkewa a Sakkwato, sanyi ya kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, har 50 da wani abu a matakan da suka fi bisa.

Na uku kunkunniya. Tare da tururin, injin yana fid da ƙananan ƙwayoyin baƙi. Da tururin mai zafi ya gamu da wannan sanyi, sai ya kama jikin ƙwayoyin ya zama ɗigo, ɗigon kuma ya daskare nan take. Wanda ya taɓa ganin numfashinsa yana fita fari-fari da asubar hunturu mai tsanani, ya ga ƙanen wannan al'amari. Mai lura zai ga akwai ɗan fili tsakanin jirgin da mafarin layin. Wannan fili shi ne ɗan lokacin da tururin ke ɗauka kafin ya huce ya daskare. Da hayaƙi ne, da tun bakin injin za a gan shi.

Abin ba sabo ba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, jiragen yaƙi masu tashi sosai sun sha wahala da shi, domin yana tona wa abokan gaba inda su ke. Wani masanin Jamus, Ernst Schmidt, ya bayyana ƙa'idarsa a 1941. A 1953 wani masanin yanayi na Amurka, Herbert Appleman, ya tsara yadda za a gane tun da wuri ko jirgi zai bar sawu ko ba zai bari ba. Har wa yau da sunan su biyun a ke kiran wannan ƙa'ida. Gundarinta shi ne sawu ba ya samuwa sai sanyi ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifiri ko ya wuce. Saboda haka jirgin da ya tashi daga Kano ba ya barin sawu bisa birnin, gama sai ya yi minti 20 ko fiye yana hawa kafin ya kai wurin sanyin, sa'an nan kuwa ya yi nisa. Sawun da mutumin Kano ya gani bisa kansa na jirgi mai wucewa ne.

2. ME YA SA WANI YA KAN ƁACE, WANI YA DAƊE?

Wannan ya dogara ga danshin iskar da jirgin ya ratsa. In iskar busasshiya ce, sai ta shanye ƙanƙarar kamar yadda hunturu ke shanye ruwan wanki. Sai a ga gajeren sawu yana bin jirgin, yana ƙarewa ta baya yana sabuntuwa ta gaba. In kuwa iskar ta ƙoshi da danshi, ƙanƙarar ba ta da inda za ta. Maimakon ta ragu, sai ta riƙa jawo danshin da ke kewaye da ita, tana ƙaruwa. Irin wannan sawu yana iya yin sa'o'i, ya yi faɗin kilomitoci, har ba a iya rarrabe shi da siririn gajimaren nan mai kama da audugar da aka shiɓa.

Ɗan lissafi zai ƙara haske. Babban jirgi mai dogon zango yana iya ƙona kilo 6,000 na mai a sa'a guda. Wannan zai ba da lita 7,500 na ruwa, wajen duro 37. Amma cikin wannan sa'a jirgin ya yi tafiyar wajen kilomita 900. Ke nan kowace kilomita ba ta samu fiye da lita 8 da 'yan kai ba, ko jarka guda ba ta cika ba. To, sawun da ya yi faɗi ya rufe sashen sama yana ɗauke da ƙanƙara ninkin-ba-ninkin wannan. Ashe mafi yawan abin da ido ke gani ba daga jirgin ya fito ba, danshin da ke can ne tun da fari. Jirgin yisti kawai ya zuba.

Iskar sama kuwa hawa-hawa ta ke, kamar zanen da aka ninke. Wani hawa da danshi, na bisansa a bushe, kuma kaurin mai danshin sau da yawa ba shi da yawa. Shi ya sa jirage biyu su kan wuce kusan lokaci guda, ɗaya ya bar dogon sawu, ɗaya bai bar kome ba. Shi ya sa kuma a kan ga sawu ya yanke, ya ci gaba, ya sake yankewa. Matuƙi bai kunna kome ba, bai kashe kome ba. Jirgin ne ya shiga danshi ya fita.

3. HANYOYIN JIRAGE

Mai kallo daga ƙasa zai zaci sama fili ce, kowane jirgi ya bi inda ya ga dama. Ba haka ba ne. Yadda makiyayi ke da burtali, haka jirgi ke da hanyarsa, mai suna da lamba, da zanguna da aka sa wa sunaye, da mararraba. Dā da tashoshin rediyo da aka kafa a ƙasa a ke gane zangunan. Yau mafi yawa da tauraron ɗan'adam a ke gane su.

Tushen wannan tsari shi ne yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Chicago na Amurka a 1944, wadda ta haifi hukumar jiragen farar hula ta duniya, ICAO, mai mazauni a Montreal ta Kanada. An yanka sararin duniya yanki-yanki, kowane yanki da masu kula da shi. Yankin da ya rufe Nijeriya da sunan Kano a ke kiransa a taswirar matuƙa, hukumar NAMA ce ke kula da shi. Na Nijar da na Chadi suna hannun ASECNA, hukumar da aka kafa a 1959, mai mazauni a Dakar.

Sunan Kano bai hau taswirar nan a banza ba. A watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1936 aka fara jigila ta yau da kullum tsakanin Khartum da Kano. Daga baya Kano ta zama zangon shan mai na jiragen da ke ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, yawancinsu suka daina sauka, amma hanyar ba ta tashi ba, sai ta koma bisa.

Hanyoyin da ke ratsa sararin Arewa iri biyu ne a dunƙule. Akwai na arewa da kudu, daga Turai zuwa Abuja, Legas, Duwala, har Afirka ta Kudu. Akwai na gabas da yamma, daga Habasha, Masar da ƙasashen Larabawa zuwa biranen Afirka ta Yamma, waɗanda jiragen alhazai ma ke bi zuwa Jidda da Madina. Da yawa daga cikin jiragen Turai da Afirka ta Kudu da dare su ke wucewa, ba mai ganin sawunsu sai in da farin wata.

Domin kada jirage su yi karo, an raba musu matakai. Wanda ya nufi sashen gabas ya kan bi matakin da ba ya rabuwa biyu daidai, kamar ƙafa 35,000 ko 37,000. Wanda ya nufi sashen yamma ya bi mai rabuwa, kamar 36,000 ko 38,000. Tun watan Satumba 2008 tazarar ƙafa 1,000 ce a ke bari tsakanin mataki da mataki a sararin Afirka, daga ƙafa 29,000 zuwa 41,000. Saboda haka in aka ga sawu biyu sun gitta juna, sau da yawa ba a wuri guda su ke ba, ɗaya yana bisa ɗaya.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa wata gunduma ta kan ga sawu kusan kullum, maƙwabciyarta kuwa sai jefi-jefi. Ta fari tana ƙarƙashin burtali ne. Hanyoyin kuma su kan sāke. A watan Afrilu 2023 yaƙi ya sa aka rufe sararin Sudan. A watan Agusta na shekarar aka rufe na Nijar, sai a Satumba aka buɗe. Jirage da yawa suka yi zagaye mai nisa. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, mutanen wani wuri za su ga sawu ya ƙaru, na wani wuri su ga ya ragu, alhali ba abin da ya sāke a ƙasarsu.

4. ISKOKIN CAN BISA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaci iskar da ke kaɗa rigar mutum ita ce ke kaɗawa inda jirgi ya ke. Sau da yawa ma saɓaninta ce.

Can bisa akwai wasu iskoki masu gudu ƙwarai, kamar koguna cikin sarari, masu tsawon dubban kilomitoci. Wani masanin Japan, Wasaburo Oishi, ya gano ɗaya daga cikinsu a shekarun 1920, ta hanyar sakin balan-balan yana bin su da madubin hangen nesa. Duniya ba ta kula ba sai a 1944, sa'ad da matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka yi karo da ita bisa Japan.

Biyu daga cikin waɗannan koguna sun shafi ƙasar Hausa. Da rani, sa'ad da hunturu ke busowa daga arewa maso gabas da ƙurarsa, can bisa iska daga yamma ta ke zuwa. Tsakiyar ƙarfinta tana bisa Aljeriya da Libiya da Masar, wajen ƙafa 40,000, inda gudunta ya kan wuce kilomita 200 a sa'a, gefenta kuma ya kan kawo har sararin Arewa. Ƙurar hunturu ba ta kai inda jiragen su ke ba. Ke nan a watan Janairu mutum yana iya ganin hayaƙin murhu ya karkata yamma, sawun jirgi kuwa yana gusawa gabas.

Da damina abin ya juye. A ƙasa iska mai danshi tana zuwa daga kudu maso yamma, daga teku. Can bisa kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, wani kogin iska yana tasowa daga wajen Indiya, ya ƙetare ƙasar Larabawa, ya iso Afirka ta Yamma daga gabas, ƙarfinsa yana raguwa a hanya. Wani masanin Indiya, P. Koteswaram, ya yi bayaninsa a 1958. Masana sun lura cewa shekarun da wannan iska ta yi ƙarfi galibi su ne shekarun da ruwa ya wadata a ƙasashen Sahel. Da damina, sawun da ya daɗe yamma ya kan gusa.

Waɗannan iskoki su ke sa matuƙa su zaɓi hanya. Mai tafiya tare da kogin ya kan shiga cikinsa domin ya rage mai da lokaci, mai fuskantarsa ya kauce. Babban misali yana bisa tekun Atlantika ta arewa, inda a kan shata wa jirage hanyoyi sababbi kowace rana bisa ga inda iskar ta kwanta. A watan Fabrairu 2020 wani jirgin British Airways ya taso daga New York ya sauka London cikin sa'a 4 da minti 56, tafiyar da ta saba cin fiye da sa'a 6, domin iskar ta tura shi.

5. YADDA HANYA DA ISKA KE HAƊUWA SU YI ZANE

Sawun raƙumi yana nan inda aka taka shi. Sawun jirgi kuwa kamar sawun kwale-kwale ne a kan kogi: ruwan da aka yi shi a kai tafiya ya ke yi. Wanda ya riƙe wannan, ya riƙe mabuɗin dukan zanen da a ke gani.

Layuka jere. A ɗauka jirage suna bin hanya guda daga arewa zuwa kudu, minti 10 tsakanin kowane da mai bi masa, iska kuma tana zuwa daga yamma da gudun kilomita 60 a sa'a. Kafin na biyu ya iso, sawun na fari ya gusa gabas da kilomita 10. Kafin na uku ya iso, na fari ya yi 20, na biyu 10. Sai a ga kunyoyi jere, alhali hanya ɗaya ce tak. Wanda ya fi faɗi da dusashewa shi ne mafi tsufa, kuma sashen da ya ke shi ne inda iskar ta nufa.

Layuka gicciye. In hanyar arewa da kudu ta gamu da ta gabas da yamma, kuma danshi ya sa sawaye suka daɗe, iska za ta jera na wannan, ta ja na wancan, sai a ga sama ta yi gida-gida. Wannan ya fi yawa a Turai da Amurka, inda jirage ke da yawa, amma yana iya faruwa bisa kowace mararraba.

Sawu mai faɗi kamar mayafi. Ƙwayoyin ƙanƙara masu nauyi su kan riƙa sauka a hankali. In iskar ƙasa-ƙasa ba ta yi gudu ɗaya da ta bisa ba, sai ta ja su gefe, sawun ya baje, wani lokaci ya yi geza. Waɗannan ƙwayoyi ba su isowa ƙasa, su kan koma tururi tun suna can.

Sawu mai lanƙwasa. Ko dai hanyar ce ta karya kwana a wani zango, ko matuƙi ya kauce wa hadari, ko kuwa iskar ce ta fi ƙarfi a wani sashe na layin ta tanƙwara shi. Zobe ko da'ira ya kan fito ne daga jirgin da aka ce ya jira yana kewaya, ko daga jiragen soja masu atisaye.

Sawu mai kama da tasbaha. Bakin kowane fiffike yana barin 'yar guguwa mai juyawa a baya. Su biyun su kan naɗe sawun, shi ya sa jirgi mai inji 4 ya kan fara da layi 4 su koma 2. Daga baya guguwoyin su kan yi ta kusantar juna suna rabuwa, har su tsinke ƙulli-ƙulli. Wani masani, S. C. Crow, ya bayyana wannan a 1970.

6. INDA IDO KE RUƊIN MAI SHI

Sawun da aka hanga daidai tsakanin tsakar ka da gindin sama, nisansa a ƙasa ya yi daidai da tsayinsa, wajen kilomita 11. Wanda ya yi ƙasa-ƙasa kusa da gindin sama yana iya zama kilomita 100 ko fiye daga mai kallo. Ke nan abin da mutum ya rantse bisa gonarsa ya ke, mai yiwuwa bisa wata masarauta ya ke.

Jirgin da ke tahowa daga nesa sosai a kan ga kamar yana hawa tsaye, mai tafiya nesa kuma kamar yana faɗowa. Ba hawa ya ke ba, ba faɗuwa ba, a miƙe ya ke tafiya. In da almuru ne, sawun ya kan yi ja kamar wuta, domin rana ta faɗi ga na ƙasa amma tana haska na bisa. Baƙin layi kusa da farin kuwa inuwarsa ce a kan siririn gajimare ko hazo. Ƙara ma tana ruɗi: daga wannan tsayi ta kan yi fiye da rabin minti kafin ta iso kunne, jirgin kuwa ya riga ya yi gaba da wajen kilomita 8.

7. AMSAR JITA-JITA

Maganar guba daga Amurka ta taso a shekarun 1990, intanet ta yaɗa ta. A 2016 aka tambayi masana 77 masu binciken iska da ƙasa, 76 daga cikinsu suka ce ba su ga wata shaida ta feshin ɓoye ba. Hankali ma ya isa shaida. Jirgin da a ke aikowa feshin fāra ko tsuntsayen jan-baki ƙarami ne, ƙasa-ƙasa ya ke bi, dab da itatuwa, domin ko daga tsayi kaɗan iska tana kwashe magani. Abin da aka zuba daga kilomita 11, cikin iska mai irin wannan gudu, ba mai iya cewa ga inda zai sauka.

Maganar korar ruwa ita ma ba ta da tushe. Babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ka sani da Kakalaba a ƙasar Kano, ta zo shekaru fiye da 10 kafin jirgi ya taɓa sauka a ƙasar. Ingila kuwa, inda sawun jirage ya fi na nan yawa nesa ba kusa ba, ba ta rasa ruwa ba. Ruwan damina daga danshin teku ya ke, hadarin da ke tasowa daga gabas kuma ya fi ƙarfin kowane jirgi, matuƙa kauce masa su ke yi. Haka nan kada manomi ya ɗauki dogon sawu alamar shuka. Yana nuna akwai danshi can bisa ne kaɗai. Maganar saukar damina a nemi ta wurin malaman gona da hasashen hukumar yanayi, NiMet.

Amma gaskiya ɗaya ce, kada a ce wa talakawa sawun ba shi da wani aibu ko kaɗan. Wanda ya daɗe ya baje yana tare hasken rana da rana, yana kuma riƙe zafin ƙasa kamar bargo, musamman da dare. In aka haɗa na duniya duka, riƙe zafin ya rinjayi tare hasken, saboda haka yana cikin abubuwan da ke ƙara ɗumamar duniya. Wani bincike na 2020 a kan sararin Japan ya nuna wajen jirage 2 cikin 100 ne ke jawo kashi 80 cikin 100 na wannan ɗumi. A 2023 kamfanin American Airlines da Google suka gwada sāke matakin tafiya a jigila 70 domin kauce wa hawa mai danshi, sawun ya ragu da fiye da rabi. Wannan lamari ne na duniya baki ɗaya da shekaru masu yawa. Ba shi ke hana ruwa a gonar wane bana ba.

8. ABIN DA A KE ROƘO

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani a gaban dagatai da masu unguwanni, da limamai, da malaman makaranta, domin ya isa ga talakawa ta bakin waɗanda suka amince da su.

Gani ya kori ji. Ana shawartar kowane malamin hakimi ya ware shafi a littafinsa, duk ran da ya ga sawu ya rubuta abu biyar: kwanan wata, lokaci, inda jirgin ya fito da inda ya nufa, minti nawa sawun ya yi kafin ya ɓace, da sashen da ya gusa. Zai fi sauƙi in ya tsaya wuri guda, ya auna da kan bishiya ko hasumiyar masallaci. Kafin wata uku zai ga jiragen suna zuwa kusan lokaci guda, ta hanya guda. Kafin shekara ta zagayo zai ga da idonsa yadda iskar bisa ke juyawa tsakanin rani da damina. Mai irin wannan littafi, in aka kawo masa jita-jita, ba ya bukatar gardama, sai ya buɗe shafi.

Akwai abin da ya wajaba a kai rahotonsa ba da jinkiri ba: jirgin da ya yi ƙasa ƙwarai yana fid da baƙin hayaƙi ko wuta, ko wani abu da ya faɗo daga sama. A sanar da 'yan sanda da ƙaramar hukuma nan take, a hana yara taɓawa, a tsare wurin har ma'aikata su iso. Haka kuma in za a yi feshin fāra ko tsuntsaye a gunduma, hakimi ya nemi sanin rana da wuri, ya sa a yi shela, a kau da dabbobi, a rufe rijiyoyi da abinci.

Farin sawun da ke can ƙololuwa kuwa ba ya bukatar rahoto. In talaka ya zo da tsoro, kada a yi masa dariya, gama tambaya ba laifi ba ce. A zaunar da shi, a gaya masa ƙanƙara ce, a nuna masa hanyar da jirgin ya bi da sashen da iska ta nufa, ya koma gonarsa da kwanciyar rai.

Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.